Sanyin da Ya Shiga Ɗakin Ɓeraye

An kashe wa Malama Ariuna mazajen ɓerayenta, alhali ko ɗaya bai mutu ba. Haka aka yi ta yaɗawa a kwarinmu, masu dariya na yi, masu nuna yatsa na yi, har maganar ta iske Sodnom a bakin rijiya yana shayar da dokinsa. Ɗan sandan gunduma ne ya kawo ta a kan babur, bai ko kashe injin ba.

"Sodnom guai," in ji shi, yadda ake girmama babba a ƙasarmu, "na san sawun doki ka saba bi. Yau dai na ɓera ne ya samu."

"Ɓera ya ɓata?"

"Ina fa. Suna nan, suna ci suna sha. Mazantakar ce ta ɓata."

Ya yi masa bayani a gurguje. Kowa ya san Malama Ariuna, 'yar jami'a daga birni, wadda ta kafa sansani a kwazazzabon arewa tana kiwon hamsta, 'yan ƙananan ɓerayen nan na dajinmu masu guntuwar jela da cusa hatsi a kumatu. Shekara uku ke nan tana bin diddigin abu ɗaya: yaushe mazajen ke fara yin maniyyi, yaushe suke dainawa. Mu dai mun ɗauke shi irin aikin da mutum ke nema wa kansa in ba shi da tumaki, amma ita rayuwarta ke nan. Ta tafi birni tun ciyawa ba ta tsiro ba, ta dawo jiya a tsakiyar damina, lokacin da ya kamata kejina su cika da jarirai. Ba ta tarar da jariri ko ɗaya ba. Marainan mazajen duk sun tsotse sun koma kamar ƙwayar gero, aikin shekara ya tashi a banza. Sannan aka tsinci gwangwanin gubar ɓera a bayan duro ɗin ruwa.

"Wa ke kai ruwan?" in ji Sodnom, ko da yake ya sani.

"Huyag. Mutane na cewa ramuwa ce, tunda matarka ke kula da ɓerayen. Kuma ka san sakin talala aka yi masa. In wannan ta hau kansa ya koma ke nan, ya cike shekarunsa har da ƙari. Jibi zan zo da mota. In ka samo wani kafin nan, to. In ba ka samo ba, shi zan ɗauka."

Sodnom ya bi babur da kallo har ya ɓace. Shi ne ya kai Huyag kurkuku tun farko. An sace dawaki, aka kira shi, ya bi sawu kwana da kwanaki har ƙofar saurayin, saurayin kuwa aminin ɗansa Amgalan ne tun suna hawan 'yan maruƙa. Amgalan ya roƙe shi ya ce sawu ya ɓace masa a bakin kogi, ba wanda zai musa. Sodnom ya ce shi bai iya ɓatar da sawu ba. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta cinye masa gida. Amgalan ya tafi Koriya aikin gini, uwarsa kaɗai yake kira. Matarsa Dulam ta ɗaure kayanta, ta haɗa da sabon farin ɗakin ulu, irin tantin makiyayanmu, da suka ɗinka wa ɗan don ranar aurensa, ta koma kwazazzabo. Ɗakin nan shi ta ba Malama ta zuba ɓeraye, ita kuma ta zama mai ba su abinci. Tun daga nan Sodnom ke dafa shayi kofi ɗaya. Ana girmama shi, ana kiransa in raƙumi ya ɓata, amma ba wanda ke hawa doki don ya je wurinsa hira kawai.

Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. A farkon damina ya ga sawun goɗiyar Dulam, mai tsagaggen kofaton hagu, ya hau tudun da ke kallon gidansa, ya tsaya, ya juya. Har sau uku. Tsoho da shi, sai ga shi yana share ɗaki yana sayen sukari. Ba ta ƙaraso ba.

*

"Ku riƙe kare," ya kira daga kan doki da ya isa kwazazzabo, yadda ake sallama a ƙasarmu.

Dulam ce ta fito. Ta rame, rigarta ta yi mata yawa a kafaɗa.

"Karen ya san ka. Sauko."

"Damina lafiya? Dabbobi sun yi ƙiba?"

"Lafiya. Naka fa?"

"Lafiya."

Aure na shekara talatin, abin da ya rage musu ke nan. Ta miƙa masa shayin madara da hannu biyu yadda ake ba baƙo, ta koma bakin murhu ta ba shi baya.

Malama Ariuna siririyar mace ce mai tabarau, idonta ya yi ja. Ita ta kai shi ɗakin ɓeraye. Sodnom ya sunkuya ya tsallake dokin ƙofa, ya tsaya yana kallon sama, don da hannunsa ya feƙe sandunan rufin nan yana lissafin jikoki. Yanzu kejina ne jere a jikin bango, rana na zubowa ta tagar tsakiyar rufi. Ta ɗauko namiji ɗaya, ta juya cikinsa sama ta nuna masa. Ɗan abin ya yi lamo a tafin hannunta, kumatu cike, bai san an yi masa komai ba.

"Me ya sa kika zuba su a ɗakin ulu, ba a gini ba?"

"Saboda rana, guai. Su ba zafi ko sanyi suke dubawa ba, tsawon yini suke aunawa. In yini ya yi tsawo, jikin namiji ya san damina ta zo, ya fara yin iri. In ya gajarta, ya rufe shago sai baɗi. Ni kuma ranar gaske nake so su gani, ba ƙwan lantarki ba." Ta ɗaga kai. "Marufin tagar can a janye shi da safe, a mayar da almuru, kamar na kowane gida. Shi ke nan duk abin da nake buƙata."

"To ko duhu ne ya same su?"

"Shi na fara tambaya. Dulam ta ce in ɗaga kai in gani. A buɗe na tarar da shi. Ana cikin haka sai ga gwangwani." Ta mayar da ɓeran keji. "Na yanka guda biyu jiya, ba a son raina ba. Gobe da safe naman zai yi yadda zan iya dubawa a madubin ƙara girma. Ba na so a ɗaure kowa a banza, amma shekarata guda ce aka zubar, kuma ina so in san wanda ya zubar."

Ya fita ya tsuguna a bayan duro. Bai taɓa gwangwanin da hannu ba, da tsinke ya ɗaga shi. Ciyawar ƙarƙashinsa ta mutu tuni, tururuwa har sun yi gida, murfin ya ci tsatsa ya manne. Wannan ya kwana a nan tun ƙanƙara na narkewa. A gefensa kuma ga tambarin da ake yi wa dawakin maƙwabcinsu Baljir, an zana da jan fenti. Baljir mutum ne da ko cokalinsa sai ya yi wa tambari.

*

Ya iske Baljir a gindin garken tumaki, ƙaton mutum mai jan wuya da muryar kiran dabba daga tsallaken kogi. Suka yi musayar kwalaben tabar shaƙa, kowa ya sansana ta ɗan'uwansa ya mayar.

"Nawa ne, ban musa ba," in ji Baljir. "Bayan iskar bazara na je taya matan nan ɗaure igiyoyin ɗaki, na ajiye na manta. Daga nan na kora tumaki gabas, makon jiya na dawo, tambayi kowa. Kai Sodnom, dube ni da kyau. In zan kashe ɓera, kashe shi zan yi murus, ba in zauna ina yi musu dandaƙa ɗaya bayan ɗaya ba. Ni da ɓerayen daji masu cinye mini makiyaya nake yaƙi, ba da 'yan gatan mai tabarau ba."

"Wa kake zargi?"

"Sai ka tambaye ni? Je ka ga ɓarawonka."

Kalmar ta soki Sodnom, amma bai nuna ba.

"Matata ta je ganin 'yar'uwarta, ta hango shi daga nesa a kan tudun kwazazzabo. Ya riga ya sauke ruwa, ya tsaya ƙiƙam yana kallon ƙasa, ya daɗe. Ba sau ɗaya ba kuma. Mai kai ruwa ya sauke ruwa ya kama gabansa mana. Me yake ƙirgawa?"

Matar ta leƙo daga ɗaki ta gyaɗa kai. Aka cika wa Sodnom aljihu da busasshen cuku don hanya, amma ba a ce ya zauna a ci nama ba.

*

Huyag na bakin kogi yana cika duro-duro a bayan tsohuwar motarsa. Kurkuku ta cire masa haƙora biyu, ta kuma koya masa tsayawa da hannu a gefe in babba na magana.

"Aha," ya gaida shi, yadda ƙani ke kiran wa. "Na ji an ce jibi."

"Ka sa musu wani abu a ruwa?"

"A'a."

"Me kake tsayawa kallo a kan tudu?"

Huyag ya gyara bakin tiyo a cikin duro.

"Me ka gani a can?"

"Ɓeraye."

"Ɓeraye na cikin ɗaki. Daga tudu ba a ganinsu." Sodnom ya sauko daga doki. "Huyag, ni na kai ka wancan karon, kuma ban yi maka ƙarya ba. Wannan karon ma ba zan yi ba. Amma ban iya fitar da mutumin da ya riƙe ƙofa ta ciki."

"Ka bar shi, aha. Ka ce sawu ya ɓace maka. Kurkuku ba baƙuwa ba ce gare ni, har gadona na sani. Ba wani abu ba ne."

"An taɓa roƙona haka."

"Na sani. Amgalan ya faɗa mini."

Ruwa na ta zuba. Sodnom ya yi ta kallon kogi, sannan ya yi tambayar da ba ta cikin aikin da aka ba shi.

"Yana kiranka?"

"Da can yana kira."

"Yanzu fa?"

"Ina ji aiki ne ya yi masa yawa."

Duro ya cika ya fara malala, Huyag bai lura ba. Sodnom ya san fuskar ɓarawo, ya san ta maƙaryaci, ya ma san fuskar wannan saurayin ran da ya yi laifi. Wannan ba ita ba ce. Kallon da Huyag ya yi masa ta wutsiyar ido na tausayi ne, kuma Sodnom ya ji haushinsa fiye da zagi. Ya hau doki bai yi sallama ba.

*

Da safe Malama ta zaunar da shi gaban madubin ƙara girma, a tantinta na aiki.

"Leƙa."

Ya rufe ido ɗaya ya leƙa. "Ni dai yankan albasa nake gani."

Ta yi ɗan murmushi, na farko tun zuwansa. "Kowane zobe bututu ne da aka yanka. A ciki ake yin iri. Iri kuwa ba ya nuna rana ɗaya, guai. Daga tsiro zuwa nuna ya fi wata guda, kuma layi-layi yake tafiya, daga bango zuwa tsakiya. Na jikin bango su ne jarirai, na tsakiya su ne manya masu jela. Dubi tsakiya."

"Wayam."

"Dubi bango."

"Akwai ɗigo-ɗigo."

"Sababbi ne, kuma lafiyarsu ƙalau. Yanzu suka fara tasowa."

Sodnom ya ɗago. "Ashe sawu ne."

"Sawu ne."

"To karanta mini, ni ban iya wannan ba."

"Guba ba ta aiki da tsari haka. Ƙona wuri take yi ta bar tabo. Wannan jikin ne da kansa ya rufe, sannu a hankali, yadda yake yi in sanyi ya zo. Kafin ya tsotse haka sai an yi wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Kuma abin ya ƙare kamar mako biyu da suka wuce, tunda ga shi sun sake farawa. Wani ya kawo musu lokacin sanyi a tsakiyar damina, ya ɗauke shi kafin in dawo."

"Duhu dai."

"Duhu. Amma wannan ba zai fitar da Huyag ba. Ɗan sanda zai ce shi ya lulluɓe kejinan don ya ja wa Dulam kora. Na sake tambayarta ɗazu, ta ce madara na kan wuta, ta fita." Ta cire tabarau ta murza ido. "Matar nan ba ta taɓa mini ƙarya ba. Ko tsaba ɗaya ta zube sai ta faɗa."

*

Bai nufi wurin Dulam ba. Ya zagaya bayan ɗakin ɓeraye, inda ba wanda ya yi tunanin dubawa, don ba komai a can sai igiya da ciyawa.

Kowace mace a ƙasar nan, in gari ya waye, takan fito ta zagaya ɗaki, ta kwance igiyar marufi, ta naɗe shi baya rana ta shiga, ta ɗaure igiyar a bayan ɗaki. Da almuru ta sake zagayawa ta mayar. Ƙafarta kan sare wata 'yar siririyar hanya a jikin ɗakin, kuma daga wannan hanya Sodnom kan gane ko matar gida gurguwa ce, ko tana da ciki, ko ta yi yaji. Hanyar Dulam na nan, ta shekara uku, har ta yi ɗan rami. Takunta ma na nan, ƙafar hagu a ɗan karkace waje, wanda zai gane ko a cikin taron kasuwa.

Sai dai ciyawa ta tsiro a tsakiyar hanyar. Ta yi tsawon taƙi, har ta fitar da kai ta yi 'ya'ya. An tattaka ta, ta kwanta, amma takun sabo ne, kararen da suka karye ba su gama bushewa ba. Ciyawar da ake takawa safe da yamma ba ta samun sukunin fitar da kai. Wannan an bar ta ta sha ruwan sama ta girma, ba ƙafar da ta dame ta, makonni da yawa.

Ya tsuguna ya shafa ta. Ba ya so ya yi lissafi, amma kansa ya saba, ya yi ba da izininsa ba. Wata ɗaya da rabi zuwa biyu, in ji Malama. Mako bakwai na tsakanin nan. Kuma ya san dalili ɗaya tak da ke sa mace ta bar marufin ɗaki a rufe da rana tsaka a ƙasarmu: mutuwa. Ya san ɗakin na wane ne. Ya tuna goɗiyar da ta hau tudu sau uku ta juya, da sukarin da ya saya.

Ya daɗe a tsugune har ƙafafunsa suka mutu. Ba wanda ya gan shi. Zai iya miƙewa ya murje ciyawar da takalmi, ya ce sawu ya ɓace, Huyag ya tafi inda ya ce ya san gadonsa, shi kuma ya ci gaba da zama uban wanda aiki ya yi wa yawa a Koriya. Tunda yake bai taɓa son ya iya ƙarya ba sai ran nan. Ya miƙe a hankali, ya bi ta gefe don kada ya taka hanyar.

*

Washegari motar ɗan sanda ta iso da hantsi. Baljir da matarsa sun zo, maƙwabta ma sun zo, wasu don gaskiya, yawanci don kallo. Huyag na zaune a matakalar motarsa da 'yar jaka a cinya, ya riga ya haɗa kaya. Dulam na tsaye a ƙofar ɗakinta, hannuwa a cikin hannun riga.

Sodnom ya fara da gwangwani. Ya nuna tsatsar murfi da gidan tururuwa, ya ce ba a buɗe shi ba tun bazara. Baljir ya ce, "Na faɗa ai," ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Malama ta faɗi abin da ta gani a madubi, a taƙaice. Sannan Sodnom ya ce a biyo shi, kada kowa ya matso jikin ɗaki.

Ya nuna musu ciyawar. Mata ne suka fara ganewa. Matar Baljir ta dubi hanyar, ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta sa hannu ta rufe baki.

"To me ke nan?" in ji ɗan sanda.

"An bar marufin a rufe dare da rana, mako bakwai ko kusa. Shi ya kawo wa ɓeraye sanyi. Babu sawun Huyag a nan, tsoho ko sabo. Namiji ba ya zuwa bayan ɗaki jan igiya."

"Sodnom guai, ciyawa ba ta sa hannu a takarda. Sai na ji daga bakin wanda ya yi."

Huyag ya miƙe da jakarsa. "Ni na rufe. Mu tafi."

"Zauna, Huyag," in ji Sodnom, bai ko waiwaya ba.

Ya juya ya fuskanci Dulam. Ya yi wa ɓarayi tambaya, ya yi wa masu kisa, muryarsa ba ta taɓa rawa ba. Yau kalma ɗaya ce tambayarsa.

"Yaushe?"

Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko cikin shekaru.

"Ran da goɗiyata ta haihu. Wani abokin aikin Amgalan ne ya kira. Daga saman gini ya faɗo. Sun ƙone shi a can, tokar na wani gidan ibada, ba mai takardar da zai kawo ta." Muryarta a daidai take, kamar mai faɗin yawan madarar safe. "In an yi rasuwa, ana rufe marufi ne har a fitar da gawa. Ni ba a kawo mini kowa ba, balle a fitar. Ban san ranar buɗewa ba. Sai na bari har kwana arba'in da tara na makoki suka cika. Ɗakinsa ne. Ba shi da wani."

Ta juya wajen Malama.

"Kin faɗa mini maganar rana, 'yata, ba sau ɗaya ba. Ina ba su abinci kullum, ina share musu. Kowace safiya nakan zo har kusurwar can, hannuna ya ƙi. Da kika tambaye ni kuma bakina ya ƙi." Ta nuna Huyag da haɓa. "Wannan ya gani daga tudu ya gane, bai tambaye ni ba. Shekaranjiya ya zo ya ce in yi shiru. Wai ni ina da shi, ina da ke, ina da ɓeraye. Sodnom kuwa shi kaɗai ne, ba zai iya ɗauka ba."

Sodnom ya dubi saurayin da ya taɓa ɗaurewa. Huyag na kallon takalminsa.

"Sau uku na zo," in ji Dulam.

"Na ga sawun."

"Na hango ka kana horar da ɗan baƙin dokin nan. Na san wa kake horar wa. Sai na juya."

Ɗan sanda ya cire hula, ya rasa inda zai sa ta, ya mayar. Malama ta ce ta janye ƙara, ba laifin da aka yi mata. Ya ce wa Huyag ya je ya kwance jakarsa. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, yadda muke yi, ba wanda ya kira abin da sunansa. Baljir ya tsaya gaban Huyag kamar zai yi magana, ya miƙa masa kwalbar tabarsa kawai. Cikin ɗan lokaci kwazazzabo ya koma shiru, sai kukan shirwa a sama.

Sodnom na nan inda yake. Kowa ya yi makokinsa ya gama, uwar ta yi, aminin ya yi, har ɓeraye sun yi nasu sun fara farfaɗowa. Shi kaɗai ne labarin ya iske yau, kuma bai san me ake yi da hannuwa ba a irin wannan rana. Ya je wurin Malama.

"In aka rufe yini ɗaya, zai ƙara ɓata miki aiki?"

Ta cire tabarau. "Yini ɗaya ba ya yin komai, guai. Uku ma ba sa yi."

Ya zagaya baya ya kwance igiyar. Ya yi shekaru yana karanta hanyar nan a bayan ɗakunan mutane, bai taɓa bin ta da igiya a hannu ba. Ya ja, marufin ya maƙale a bakin taga. Ya ƙara ja da ƙarfi, ulun ya naɗe ya ƙi. Ya tsaya yana huci.

"Ba ta nan ba," in ji Dulam daga bayansa. "Yadda rana ke bi ake zagayawa."

Ba ta karɓi igiyar ba. Ya koma ya sake farawa ta inda ta ce, tana biye da shi taku biyu a baya. Marufin ya zame ya rufe tagar. A ciki ɓeraye suka fara motsi a kejinansu, sun ɗauka dare ne ya yi.